Wa Ke da Ƙuri'a a Adjamé da Treichville?

Ranar Asabar, 25 ga Oktoba 2025, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Kodibuwa. Birnin Abijan, wanda hayaniyarsa ba ta yankewa dare da rana, ya wayi gari tsit. Shaguna da yawa ba su buɗe ba, motoci sun yi ƙaranci a kan tituna, iyalai da dama kuwa tun kafin ranar suka tanadi shinkafa da mai suka zauna a gida suna sauraron abin da Allah zai yi. Gwamnati ta baza jami'an tsaro 44,000 a faɗin ƙasar.

Da hukumar zaɓe ta CEI ta fitar da sakamako, Shugaba Alassane Ouattara, mai shekara 83, ya samu kashi 89.77 cikin ɗari, ya zarce wa'adi na huɗu. Amma akwai wani adadi da ya fi wannan faɗa mana halin da ake ciki. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum miliyan 29.4 ne ke zaune a ƙasar. Waɗanda sunansu ke cikin kundin masu zaɓe kimanin miliyan 8.7 ne. A cikinsu kashi 50.10 cikin ɗari ne suka fito. Ke nan ƙuri'un da suka ba shugaban nasara ba su cika miliyan 4 ba.

Ina sauran jama'a suke? Wasu yara ne. Wasu baƙi ne, don ƙidayar ta ce kashi 22 cikin ɗari na mazauna ƙasar ba 'yan ƙasa ba ne. Wasu 'yan ƙasa ne da ba su yi rajista ba. Wasu sun yi rajista suka ƙi fita. Duk waɗannan rukunai ana samunsu a cikin Hausawan Adjamé da Treichville, wani lokaci ma a tsakar gida guda: uba da takardun Nijar, ɗa da katin ɗan ƙasa na Kodibuwa, ɗan wa kuma ba shi da na can ba shi da na nan.

Yadda muka zo nan

Treichville tsohuwar unguwa ce da Turawan Faransa suka keɓe wa baƙar fata a ƙetaren ruwa, daura da Plateau inda su suke zaune. Titunanta a jere suke, kowane da lambarsa. Bayan an haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, sai unguwar ta cika da lebura da 'yan kasuwa daga Senegal, Mali, Gana, Najeriya da Nijar. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga nan sunanta ma Abijan-Nijar, ko da yake ba ta taɓa isa Yamai ba. A 1954 ta isa Wagadugu. Adjamé kuwa ita ce ƙofar birni ga mai zuwa daga arewa. Nan manyan tashoshin mota suke, nan babbar kasuwar Forum da kasuwar Gouro ta kayan miya suke, nan ƙananan motocin haya da ake kira gbaka ke juye mutane tun asuba.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa ta hanyar fataucin goro, har yau kuma garin Anyama da ke arewa da Abijan cibiyar goro ce da ake lodi zuwa Najeriya. Daga baya 'yan ci-rani suka biyo, musamman daga jihar Tawa, da Maraɗi, Damagaram da Dogon Dutsi, da kuma Kano, Katsina da Sakkwato. Suna cikin cinikin albasar Galmi, da shanu da raguna, da tsire, da shayi, da takalma da kayan koli. Garba, wato garin rogo da soyayyen kifi da ya zama abincin talakan Abijan, 'yan Nijar ne aka fi sani da sayar da shi. Wanda ya zo da niyyar yin rani ɗaya sai ga shi ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, har ya ga jikoki suna magana da Faransanci da Julanci fiye da Hausa.

Siyasar ƙasar ma a nan aka haife ta. A Treichville aka kafa jam'iyyar PDCI ranar 9 ga Afrilu 1946, ƙarƙashin Félix Houphouët-Boigny. A nan aka yi tarzomar 6 ga Fabrairu 1949 da ta sa Turawa suka kulle shugabannin jam'iyyar a Grand-Bassam, har mata suka yi tattaki zuwa can a Disambar shekarar suna neman a sake su. Wanda ke zaune a unguwar nan yana zaune ne a inda aka sha wuya kafin baƙar fata ya samu bakin magana a kan wanda zai mulke shi.

Lokacin da baƙo ke jefa ƙuri'a

Matasa da yawa ba su san cewa a zamanin Houphouët-Boigny baƙi 'yan Afirka suna zaɓe a Kodibuwa ba. Tsohon ya ɗauki baƙo a matsayin hannun da ke noma koko da kofi, ya buɗe masa ƙofa. A tsakiyar shekarun 1960 har ya nemi a ba mutanen Nijar, Dahome, Togo da Burkina ta yau damar zama 'yan ƙasa biyu, amma 'yan bokon ƙasarsa suka ƙi, ya janye. Muddin jam'iyya ɗaya ce, ƙuri'ar baƙo ba ta dami kowa ba.

Da aka buɗe siyasar jam'iyyu da yawa a 1990, magana ta sauya. A zaɓen Oktoba na shekarar, Houphouët-Boigny ya kayar da Laurent Gbagbo da fiye da kashi 81 cikin ɗari, 'yan adawa kuma suka zargi gwamnati da kora baƙi zuwa rumfunan zaɓe kamar garke. A daidai lokacin aka ƙirƙiro katin izinin zama na baƙi, wanda ya fara aiki lokacin da Ouattara ke firaminista, ya kuma zama hanyar tatsar talaka a shingayen 'yan sanda har aka soke shi ga 'yan Afirka ta Yamma a 2007.

Houphouët-Boigny ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993. Dokar zaɓe ta 1994, a mulkin Henri Konan Bédié, ta ƙwace ƙuri'a daga hannun baƙi, ta kuma ce ɗan takarar shugabanci sai uwarsa da ubansa duka 'yan asalin ƙasar ne. Daga nan aka shiga zamanin tantance wane ne ɗan ƙasa na gaske. Manufar ita ce a hana Ouattara takara bisa zargin asalinsa Burkina ne, amma wutar ba ta tsaya a kansa ba. Duk mai suna irin na Musulmin arewa, ko Bajule ne ɗan Korhogo ko Bahaushe jikan Batawe, sai ya zama abin tuhuma. An sha yage katin mutum a gabansa a ce na bogi ne.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Janar Robert Guéï ya yi juyin mulki ranar 24 ga Disamba 1999. Bayan zaɓen Oktoba 2000, wanda aka hana Ouattara shiga, an tsinci gawa 57 a Yopougon. Ranar 19 ga Satumba 2002 tawaye ya ɓarke, ƙasa ta rabu biyu, 'yan tawaye suka kafa hedikwata a Bouaké. Ɗaya daga cikin manyan koke-kokensu shi ne takardar shaidar ɗan ƙasa. Shi ya sa bayan yarjejeniyar Wagadugu ta Maris 2007 alƙalai suka yi ta zagaya gari-gari suna ba waɗanda ba a yi wa rajistar haihuwa ba takardar da ke maye gurbinta.

A zagayen farko na zaɓen 2010, ranar 31 ga Oktoba, fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu rajista suka fito. Mutane sun yi layi cikin rana da yaƙinin cewa ƙuri'a za ta kashe wutar. Bayan zagaye na biyu, ranar 28 ga Nuwamba, hukumar zaɓe ta ce Ouattara ne ya ci da kashi 54.1, majalisar tsarin mulki ta ce Gbagbo ne. Kafin a kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu 2011, kimanin mutum 3,000 sun rasa rayukansu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun rubuta yadda aka riƙa tare baƙi 'yan Afirka ta Yamma a shingayen 'yan banga ana kashe su, alhali ba su da ƙuri'a a zaɓen da ake faɗa a kansa. Duk dattijon da ka ji yana hana ɗansa zancen siyasa a majalisar shayi, wannan ce ke ransa, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

A fita ko a zauna?

Ga wanda yake da kati, zaɓen 2025 ya zo da tambaya mai nauyi. A cikin mutum 60 da suka ajiye takardun takara, majalisar tsarin mulki ta amince da biyar: Ouattara, Jean-Louis Billon, Simone Ehivet Gbagbo, Ahoua Don Mello da Henriette Lagou. Manyan 'yan adawa biyu ba sa ciki. An cire Laurent Gbagbo daga kundin masu zaɓe saboda hukuncin ɗaurin shekara 20 da kotun ƙasar ta yanke masa, duk da cewa kotun duniya da ke Hague ta wanke shi a tata shari'ar. Tidjane Thiam, shugaban PDCI, kotu ta cire shi a Afrilu 2025, ta ce ya rasa zama ɗan Kodibuwa tun da ya karɓi takardar Faransa a 1987, bisa sashe na 48 na dokar zama ɗan ƙasa ta 1961. Mutumin da ya taɓa zama minista a ƙasar, jinin gidan Houphouët-Boigny, ya shugabanci babban banki a Turai, takarda ce ta kayar da shi. Mai sayar da albasa a kasuwar Gouro ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Masu goyon bayan fita zaɓe a Adjamé suna da hujjarsu. Suna nuna gadoji: ta uku da aka buɗe a 2014, ta biyar a 2023, da ta huɗu da ta haɗa Yopougon da ɓangaren Adjamé a farkon 2024. Suna nuna aikin jirgin ƙasa na cikin birni da zai ratsa unguwannin biyu daga Anyama zuwa Port-Bouët. Suna tuna gasar cin kofin Afirka da ƙasar ta karɓa lafiya a 2024, ta kuma doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. Babbar hujjarsu dai ita ce yanzu mai suna Usumanu ko Abdullahi yana wuce shinge ba tare da gabansa ya faɗi ba, tsarin mulkin 2016 kuma ya ce ya isa ɗan takara ya kasance uwarsa ko ubansa ɗan asalin ƙasa ne.

Masu cewa a zauna gida su ma ba su rasa ta cewa ba. Maganar da ta fi yawo a bakin talakan Abijan ita ce ba a cin kwalta, kuma kuɗi ba ya zagayawa. Mafi ƙarancin albashi sefa 75,000 ne tun Janairu 2023, ga kuɗin haya da ke cinye mafi yawansa. Ga rusau na 2024 da ya share unguwanni irin su Gesco da Boribana, ya kai har tsohon ƙauyen Adjamé a watan Yuli, ya tarwatsa 'yan tebur da masu talla a gefen titi. Sannan ga batun wa'adi: tsarin mulki ya ce biyu, majalisar tsarin mulki ta ce an fara sabon lissafi daga 2016. A 2020 wannan gardama ta jawo ƙaurace wa zaɓe da zanga-zanga, gwamnati da kanta ta ce mutum 85 ne suka mutu. Tambayarsu ita ce: in an riga an san wanda zai ci, me zai fitar da ni?

Tambayar tana da ƙarfi, amma tarihin ƙasar ya ba da amsa. An ƙaurace wa zaɓe a 1995, Bédié ya ci da kashi 96, ya ci gaba da mulki. An ƙaurace a 2020, Ouattara ya ci da kashi 94.27, ya ci gaba da mulki. Dokar ƙasar ba ta gindaya cewa sai wani adadi ya fito kafin zaɓe ya inganta ba. Wanda ya zauna gida yana jin ya yi magana, sai dai ba wanda zai iya bambanta shirunsa da na marar lafiya, da na matafiyi, da na wanda bai damu ba. Wanda ya je ya zaɓi wani ɗan takara, ko ya jefa takardar ba tare da ya zaɓi kowa ba, shi an ƙidaya shi, domin hukuma na fitar da adadin irin waɗannan ƙuri'u daban. Ɗan siyasa kuma ya san rumfar da ke cika da wadda ba ta cika ba. Idan za a tayar da kasuwa ko a rushe layin gidaje, unguwar da ta saba fita zaɓe ita ake fara zama da shugabanninta.

Takarda kafin ƙuri'a

Da yawa daga cikin waɗanda ba su yi zaɓe a Oktoba 2025 ba, tun shekara guda kafin nan aka gama da su. An buɗe sabunta kundin masu zaɓe ne daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba 2024, sababbin da suka shiga kuwa ba su kai miliyan ɗaya ba. 'Yan adawa sun nemi a sake buɗewa a 2025, hukumar ta ce lokaci ya ƙure. Wanda ya farka da sha'awar zaɓe a lokacin kamfe ya tarar an rufe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar a jere take. Sai an yi wa jariri rajistar haihuwa a ofishin magajin gari. In an makara, sai an bi ta kotu. Da wannan takarda da ta iyaye ake neman shaidar zama ɗan ƙasa a kotu. Da ita ake zuwa hukumar ONECI a yi katin ɗan ƙasa, wanda kuɗinsa sefa 5,000 ne. Sannan, in mutum ya cika shekara 18, ya jira a buɗe rajista ya kai kansa. Ranar zaɓe ana buɗe rumfa da ƙarfe 8 na safe a rufe da ƙarfe 6 na yamma, a tantance mutum da na'ura, a ba shi takarda guda mai ɗauke da hotunan 'yan takara duka, ya shiga bayan labule shi kaɗai.

Inda gizo ke saƙa shi ne mataki na biyu. A Kodibuwa haihuwa a ƙasar ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa. Sai ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Dokar 1961 ta bar wata kafa ga 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan, amma gyaran 1972 ya toshe ta. A 2013 aka yi doka ta musamman da ta ba tsofaffin mazauna da zuriyarsu damar neman zama 'yan ƙasa ta hanyar bayyana kansu, aka rufe damar a farkon 2016, da yawa kuma ba su ji labari ba sai bayan ta wuce. Wani bincike da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya gano mutum kimanin miliyan 1.6 da ke cikin haɗarin zama ba su da ƙasa ko ɗaya. A cikinmu akwai irinsu: an haifi kakansa a Treichville, bai taɓa taka Tawa ba, ofishin jakadanci na neman shaidar da ba shi da ita, kotun Abijan ma haka. Matsalarsa ta wuce zaɓe. Ta shafi jarrabawar ɗansa, da layin wayarsa, da asusun banki, da mallakar fili.

Wani ɓangare na laifin namu ne. Mun ɗauki zaman nan a matsayin na wucin gadi shekara hamsin. Ana yanka rago ranar suna, a tara jama'a, a kashe kuɗi mai yawa, amma ba a taka zuwa ofishin magajin gari a rubuta sunan yaron ba. Akwai kuma gidajen da uwa 'yar ƙasa ce, doka ta ba 'ya'yanta haƙƙi cikakke, amma ba wanda ya bi musu.

Baƙo da zaɓen gida

Wanda ke riƙe da takardun Nijar ko Najeriya ba shi da ƙuri'a a nan, ya kuma kamata ya tsaya a matsayinsa. Duk wanda ya zo masa da tayin katin ɗan ƙasa ta bayan gida, ko ya ce a sa sunansa a kundi don a ƙara yawan ƙuri'u, ba masoyinsa ba ne. Laifi ne da ke kai mutum kurkuku, kuma duk katin bogi guda da aka kama yana jawo tuhuma a kan ɗaruruwan 'yan'uwa masu katin gaskiya. Haka nan sa rigar jam'iyya da shiga jerin gwano saboda 'yan kuɗin mota: ran da abu ya ɓaci, ɗan siyasa yana da gida mai katanga, mai tebur kuwa a bakin titi yake.

Abin takaici shi ne a gida ma muryarsa a rufe take. 'Yan Nijar mazauna waje sun yi zaɓe a 2016, har aka ware musu kujeru biyar a majalisar dokoki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 zuwa 2021 ba a yi musu rajista ba, aka ce saboda annobar korona. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma ba a sake zaɓe ba. A Maris 2025 aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani shugaban ƙasa na shekara biyar, aka rushe jam'iyyu. Nijar ta fice daga CEDEAO, wadda 'yan Najeriya suka fi sani da ECOWAS, a Janairu 2025, abin da ya sa riƙe fasfo da katin ofishin jakadanci masu rai ya ƙara zama wajibi. Najeriya kuwa har yau ba ta ba 'yan ƙasarta na waje damar zaɓe daga inda suke ba. Bakano da ke Adjamé, in yana son ya zaɓa a 2027, sai ya koma gida ya yi rajista, ya sake komawa ranar zaɓe. Kuɗin da waɗannan mutane ke aikawa gida na ciyar da garuruwa a lokacin bazara, don haka neman a ba su ƙuri'a haƙƙi ne da ya kamata ƙungiyoyinsu su riƙa nema da murya ɗaya.

Ma'aunin mai kati

Wanda Allah ya ba kati, ta yaya zai zaɓa? Abin da ya jefa ƙasar nan cikin yaƙi shi ne auna mutum da sunansa da inda kakansa ya fito. Mu da aka yi wa wannan awo muka ji zafinsa, bai dace mu ɗauki ma'aunin mu auna wasu da shi ba. Kasancewar ɗan takara yana salla, ko ya aiko da buhun shinkafa masallaci cikin azumi, bai isa hujja ba. A tambaye shi abin da zai yi da kuɗin haya. A tambaye shi in za a tayar da 'yan kasuwa, ina za a kai su, kuma wa zai biya su. A tambaye shi ko zai sake buɗe ƙofar da aka rufe a 2016. A duba bakinsa: wanda ke ɗora wa baƙi laifin tsadar rayuwa don ya samu tafi, ya riga ya faɗa maka yadda zai yi mulki. Sarakunan Hausawa da limamai aikinsu su kira mutane ga rajista da zaman lafiya. Ba nasu ba ne su yi alƙawarin ƙuri'ar jama'a ga wani, domin bayan labule kowa da Ubangijinsa ne.

Wa'adin shugaban ƙasa shekara biyar ne, zaɓe na gaba sai 2030. Na magadan gari, waɗanda kasuwa da rumfa da shara ke hannunsu, an yi shi a Satumba 2023, wani na tafe kafin na shugaban ƙasa. Yaron da ke da shekara 13 a ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2025 zai isa jefa ƙuri'a a na 2030, in har sunansa na rubuce a wani wuri. Iyaye maza da mata na Adjamé da Treichville, ku buɗe akwati ku duba takardun 'ya'yanku tun yanzu. Wanda ba shi da ta haihuwa a nema masa, wanda doka ta ba zama ɗan ƙasa a bi masa har ya karɓi katinsa, wanda kuma na gida ne a kai shi ofishin jakadanci a rubuta shi. Ranar da aka buɗe rajista, duk mai haƙƙi ya je da ƙafarsa.